Hancin Mai Gahawa

Malam Mahmudu yana cikin juya ƙwayar gahawa a kasko sai idonsa ya faɗa kan hannun Haliru direba. Haliru ya kai finjali baki, ya lumshe ido, ya ce "Madalla!", sannan ya zura hannu bayan benci ya tsiyaye gahawar a ƙasa.

Mahmudu ya gani sarai, amma bakin da ya saba ba ya jiran mai shi. "Gahawa ba ta son mai gaggawa," in ji shi. "Ido yana ruɗinka, amma hanci ba ya ƙarya. Da ƙamshi ya tashi, ka sauke. In ka ce bari ka ƙara kaɗan, ka ƙona. Zama da mutane ma haka yake."

"Gaskiya ne, Malam," in ji Maikano mai faci, nasa finjalin a cike yana hucewa.

A Sudan Mahmudu ya koyo sana'ar. Yana saurayi ya fita da niyyar Makka, guzuri ya ƙare masa a gonakin riɗi. Makka dai bai gan ta ba, amma ya dawo Kontagora da buta mai dogon wuya da surutun da ba ya ƙarewa. Ya kafa benci ƙarƙashin darbejiya a bakin tasha, ya sha fama kafin ya koya wa masu shayi da madara shan abu mai ɗaci.

Abin da yake ɓoyewa shi ne, tun zazzaɓin da ya kwantar da shi da damina hancinsa ya mutu. Ƙamshi da wari duk ɗaya ne a wurinsa. Da ido yake suya yanzu, idon kuwa shi ma ya tsufa.

Da motar Bangi ta cika Haliru ya tafi, Mahmudu ya zaga bayan bencin. Ƙasar wurin ta yi baƙi ƙirin, ko ciyawa babu. Wannan ba aikin yau ba ne, ba kuma na mutum ɗaya ba. Kunya ta rufe shi, sai gajiya ta biyo baya, irin wadda barci ba ya maganinta. 'Yarsa Salihatu ta daɗe tana cewa ya tattara ya koma wurinta Minna ya huta. Yau ne karon farko da maganar ta zauna masa.

Bayan la'asar Haliru ya dawo da ƙura har gira, ya zube a benci.

"Tun yaushe kuke shayar da ƙasa?" in ji Mahmudu.

Haliru ya sosa ƙeya. "Haba Malam."

"Tambayarka nake."

"To, tun da ka tashi daga ciwon nan. Ƙonewa take yi, wallahi ba ta shayuwa. Amma wa zai dubi tsabar idonka ya faɗa? Kara muka yi maka."

"Kara? Ina zaune ina muku wa'azin hanci, kuna cewa gaskiya ne?"

"Ai gaskiyar ce, Malam."

Mahmudu ya fara haɗa finjalai cikin kwano. Sai ga murya daga gefe. Mercy ce, Maman Success mai ƙosai, wadda ya yi shekaru yana faɗa da ita kan cewa hayaƙin manta yana ɓata masa ƙamshi.

"Baba, ni fa na ce su gaya maka, suka ce ba ruwana. Kullum ƙamshin yana zuwa wurina, mai daɗi, sai in ce yanzu Baba zai sauke. Ba ka saukewa. Har sai ya koma warin taya."

Ya tsaya da kwano a hannu. Can ya ajiye, ya fifita gawayi, ya zuba sabuwar ƙwaya a kasko, duk bai dubi inda take ba.

"Maman Success," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "in kin ji ya tashi, ki yi tari."

Ya yi ta juyawa, bakinsa a rufe. A idonsa ƙwayar ba ta ma yi rabin soyuwa ba, sai ya ji tari daga wajen kaskon ƙosai. Hannunsa ya so ya yi gardama, amma ya sauke. Ya daka da citta, ya dafa, ya tsiyaya.

Haliru ya kurɓa. Wannan karon bai ce madalla ba, shanyewa ya yi tas ya miƙo finjalin. Maikano ya bar tayar da yake faci ya taho, har Mercy aka miƙa wa nata.

Mahmudu ya zuba wa kansa ta ƙarshe, ya kurɓa a hankali. Ruwan zafi ne kawai da ɗan ɗaci. Ya zauna yana duban fuskokinsu, ko zai gane yadda ta yi.