Ƙwan Fitilar Kicin

"Babu isasshen wuri," in ji wayar, da muryar nan tata ta ƙarfe. "Babu isasshen wuri."

"Kin ji ta ko?" Baba Wasiƙa ya ce daga kan gado. "Tun safe take faɗa min haka, sai ka ce kwandastan mota. Tela, zo ki lallashe ta, ke take jin maganarki."

Tela ta ajiye almakashin da ta manta ta shigo da shi a hannu, ta karɓi wayar. Bango ɗaya ne ya raba ɗakinsa da ɗakin ɗinkinta, bango mai rauni wanda ko tari ba ya ɓoyewa. Shekara talatin ya yi yana rabon wasiƙu a kan keke kafin ciwon suga ya tafi da idanunsa. 'Yarsa da ke aiki a wani gari ta yi masa rajista da ɗakin karatu na makafi, inda ake sauke littattafai masu magana a waya. Shi kansa ya iya kunnawa da kashewa, amma saukewar ta gagari yatsunsa masu rawa, sai ta zama aikin Tela. Ladanta kuwa ta bangon take karɓa. Duk yamma takan ɗauke ƙafa daga keken ɗinki, ta jingina kai, muryar mai karatu ta ratso siminti ta zo ta zauna mata a kafaɗa kamar tsuntsu.

Littafin da suke ciki labarin wani mai gadin ƙaramar tashar jirgin ƙasa ne, tashar da jirgi ba ya tsayawa, da wata mata da ke ɗaga masa hannu ta taga duk ranar Laraba. Babi ashirin da uku sun wuce tana ɗaga hannu. Saura kashi na ƙarshe.

"Wayar ta cika, Baba. Sai an rage kaya."

"To rage mana. Duk tsoffin da muka gama, share su. Ni dai in ji ko matar nan za ta sauko. Likita ya ce in huta a gida, ni kuma na san irin wannan hutun. Ba na son in tafi in bar mutumin nan tsaye a bakin dogo."

"Kai Baba, daina irin wannan maganar."

"Share, 'yata, share."

Ta bi jerin tana taɓawa. Littafin tafiye-tafiye, littafin kiwon zuma, wani na tarihin agogo da ya sa su duka biyu barci. A can sama akwai wani abu marar suna, lambobi kawai, tsawonsa sakan goma sha tara. Ta ɗauka guntun littafi ne da saukarsa ta katse. Ta haɗa da shi ta share. Kashi na ƙarshe ya sauko a hankali, layin shuɗi yana cika kamar ruwa a kwalba, Baba Wasiƙa yana murmushi yana kallon inda babu kowa.

Sai washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa bango.

"Tela, na sama ya ɓace min. Duba min, yatsuna ne ko?"

"Wane na sama?"

Ya sunkuyar da kai kamar saurayin da aka kama da wasiƙa a aljihu. "Tsohuwata ce, marigayiya matata. Saƙon murya ne da ta turo min ranar da ta faɗi. 'Yar tawa ce ta sa min shi a saman littattafai don in same shi da taɓawa ɗaya. A kunne nake karawa, shi ya sa ba ki taɓa ji ba."

Tela ta ji ɗakin ya karkata. Labulen taga yana ta numfashi a hankali, hasken rana yana yawo a kan bargo, komai yana nan yadda yake, ita kaɗai ce ƙasa ta zame mata.

"Ina jin... ina jin manhajar ce take wasa, Baba. Bari in kai a duba."

Ta fita da gudu, zaren awo na rataye a wuyanta. A hanya ta kira 'yarsa. Muryar 'yar ta yi ƙasa: tsohuwar wayar da saƙon ya fara shiga an sace ta tun bara, babu wani kwafi a duniya. Mai gyaran waya na bakin titi ya haɗa ta da kwamfutarsa, ya daɗe yana latse-latse, sannan ya cire tabarau ya girgiza kai.

"Da ba ki sauke komai a baya ba, da an yi dabara. Amma sabon littafin nan ya zo ya kwanta daidai inda saƙon yake. Ya hau kansa, 'yar'uwa. Ba a raba su kuma."

Ta dawo tana tafiya kamar cikin ruwa. Ta wuce shagon mai aski, ta wuce ƙofarta inda rigar wata ke jira rabin hannu a ɗinke, ta tsaya a ƙofarsa tana shirya ƙarya. Za ta ce sai an kwana biyu. Kwana biyu, ta sani, ya isa ya rufe maganar har abada. Wannan tunanin ne ya sa ta ji kunyar kanta har cikin ƙashi.

Ta durƙusa a gefen gadon. "Baba, ni ce. Ni na share ta. Na ɗauka guntun littafi ne."

Hannunsa ya lalubo gefen bargo ya riƙe. Agogon bango, wanda yake sa a murɗa masa duk da ba ya ganinsa, ya ci gaba da tafiyarsa. Ta gaya masa duk abin da mai gyara ya ce, kalma bayan kalma, tana kuka, don ba ta da abin ba shi sai gaskiyar.

"Sake faɗa," ya ce can. "Littafin ya kwanta a kanta?"

"Haka ya ce."

"Wato tana ƙarƙashin babin ƙarshe."

"Baba, ka yafe min."

"Haba, ashe ma ta riga ni shiga. Halinta ne, ko wasiƙar mutane na kawo gida sai ta ɗaga ta a rana ta ga ko za ta hango abin da ke ciki." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ta ba shi ruwa. Hawaye na bin gefen idanunsa zuwa kunne, bai share ba. "Kin san me ta ce a ciki? Kina tsammanin kalaman soyayya ne irin na littattafanku?"

Ya gyara murya, ya siranta ta, ya ɗan ja ta ta hanci:

"'Kai, in ka taso ka sayo ƙwan fitila, na kicin ya mutu. Kada ka manta irin na jiya. Kuma ka bi a hankali da keken nan, ba yaro ba ne kai.' Shi ke nan. Sai ƙarar cokali ya faɗi, ta ce 'Oho', ta kashe."

"Ka sayo?"

"Ina. A asibiti na same ta. Bayan nan na ce gobe, na ce gobe, har idanun suka ce ba sai an sayo ba." Ya miƙo hannu. "Kunna mana, 'yata. Amma rage gudun. Mai karatun nan yana sauri kamar ana binsa."

Ta rage gudun muryar. Kalmomi suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya, da faɗi a tsakaninsu, shi kuwa ya karkata kai yana sauraron tsakanin. Kwana huɗu suka yi a haka. Minti biyar, sai ya ɗaga yatsa ta tsayar. Tela ta kwaso ɗinkin hannu ta dawo da shi ɗakinsa. Wani lokaci yakan farka ya ce ya ga tashar, an yi mata sabon fenti, kekensa na jingine a jikin benci da jakar wasiƙu cike, kuma duk wasiƙun sunansa ne a kai. Wani lokaci yakan ce, "Kin ji? Cokali." Tela takan kasa kunne, ta ji iska kawai a cikin muryar mai karatu, ta ce, "Na ji, Baba."

'Yarsa ta iso ranar Talata. Ranar Laraba da yamma, rana ta yi laushi a kan labule, mai karatu yana cewa jirgin ya fito daga kwana, kuma a karo na farko mai gadi ya ji ƙarar ƙafafun jirgin ta canza. Baba Wasiƙa ya ɗaga yatsa. Tela ta tsayar, tana jira ya ce a ci gaba. Yatsan ya sauko a hankali ya kwanta a kan bargo. 'Yar ce ta fara ganewa.

Bayan mako guda, da masu ta'aziyya suka ragu, 'yar ta ba Tela makullin ɗakin ta riƙe, ta kuma danƙa mata wayar. "Ya ce ke ce abokiyar karatunsa."

Tela ba ta kunna ba sai da ta je shagon kayan lantarki ta dawo. Ta buɗe ƙofarsa, ta wuce gadon da aka naɗe katifarsa, ta shiga kicin. Ta jawo kujera ta hau. Tsohon ƙwan ya yi baƙi, ƙura ta yi masa hula, ya yi ƙara kafin ya yarda ya fito. Ta murɗa sabon, ta sauko, ta danna makunni.

Haske ya zuba a kan tukwane biyu, da kofi mai tsagaggen baki, da cokula a cikin gwangwani. Ta zauna a kujerar, ta ɗora wayar a kan tebur. Manhajar ta riƙe wurin da suka tsaya, saura minti shida. Ta bar gudun yadda ya so shi, ta taɓa.

Jirgin ya ci gaba da rage tafiya.