Dodon da Cindo Ya Kawo Daga Bur Sudan

Cindo direban tarakta ne a gonakin dawa na Gedambaliya, a ƙasar Sudan. Sau ɗaya ya taɓa ganin teku, shekarar da mai gona ya aike shi Bur Sudan, birnin bakin teku, ya rako sababbin taraktoci biyu. Kwana huɗu ya yi a can, amma ya dawo da labari kamar wanda ya shekara.

Wani hantsi na damina ma'aikata na karyawa a rumfar Adda Jummare mai shayi, Cindo ya fara ba su labarin Abu Shanab, dodon Bahar Maliya.

"Tsawonsa ya kai manyan motoci bakwai a jere," in ji shi. "Gashin bakinsa kamar igiyar guga. Da rana yana ɗora haɓarsa kan dutse ya yi barci. In bayansa ya yi ƙaiƙayi, sai ya goga a gindin jirgin ruwa, fasinjoji su yi ta amai ba su san dalili ba."

"Me yake ci?" Adda Jummare ta tambaya.

"Kifi, Adda. Amma ya fi son ƙafar mai ɗiban ruwa."

Da ya ga kowa ya ajiye kofinsa yana saurare, sai ya ƙara da cewa matar dodon tana zuba ƙwai a bisa ruwa, hadari ya kwashe, ruwan sama ya sauke su a duk hafirin da ya ga dama. Hafir kuwa shi ne tafkin da ƙauyen ke sha.

Kafin azahar labarin ya riga shi gida. Ya iske matarsa Barira zaune, jarkoki huɗu a gabanta babu ko ɗigo.

"Malam, an ce kai ka san halinsa," ta ce. "Ni ban san ta ina yake kamo ƙafa ba. Gara kai ka je."

Cindo ya ɗauki jarkoki. A hanya Adda Jummare ta ƙara masa biyu, maƙwabciyarsu Ummusalama ta ƙara uku. Kwana na uku sai da ya ari jaki. Abokan aikinsa na hango shi daga kan tarakta suna tambaya ko ƙwan ya ƙyanƙyashe.

Ya yi ƙoƙarin gyara dodon. Ya ce ai Abu Shanab yana jin kunyar mata. Barira ta ce ɗan dodo jariri bai san kunya ba tukuna.

Rana ta shida ya sauke jarkoki, ya zauna kan turmi yana matsa kafaɗa.

"Barira, babu wani dodo. A Bur Sudan ma daga nesa na hango tekun, ta tagar mota."

"Na sani," ta ce, tana juya kisra, wainar dawa, a kasko. "Tun ranar farko muka sani, mu duka. Amma bayana bai taɓa samun hutu irin wannan ba."

"To gobe ke za ki je?"

"Adda ta ce jiya ta ga wani abu fari yana yawo a tsakiyar hafir. Bari dai damina ta wuce."

Cindo ya yi ta jigilar ruwa har dawa ta fitar da kai. Daga baya ya roƙi mai gona ya bar shi ya riƙa jawo gangar ruwa da tarakta bayan an tashi aiki, mai gona ya yi dariya har ya share hawaye, sannan ya amince.