Kulake Uku a Tsakar Gidan Sabuwa

Wata huɗu ke nan da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya taɓa Inna Sabuwa, kuma wata huɗu ke nan mutanen Rimawa suna koya mata yadda ake zama gawa da rai. Duk wanda ya shigo dubiya sai ya zo da fatawarsa. Wannan ya ce iska ce ta bugi hannun, kada a motsa shi, in an tsokane ta za ta dawo. Wancan ya ce a shafa man shanu a naɗe da tsumma. A cikinsu babu wanda ya taɓa warkar da ko akuya, amma kowa ya san maganin hannun hagun Sabuwa.

Ƙafar ta dawo. Bakin ma ya dawo, har ya fi na da kaifi. Hannun ne kawai ya rage yana reto a jikinta kamar na aro. A kansa ne ɗanta Iliyasu, mai fataucin albasa a Goronyo, ya yanke hukunci: da zarar an gama kwashe albasa zai zo da mota ya ɗauke ta, a sa wa gidan kwaɗo. Shekararta arba'in da ɗaya a gidan. Daga nan aka fitar da gawar mijinta, kuma ita ta dasa lemun tsamin da ke bakin rijiya. Iliyasu bai tambaye ta ba, sanar da ita ya yi.

Wata Asabar da hantsi Ruƙayyatu ta zo, ɗiyar ƙanenta, ma'aikaciyar jinya. Ko zama ba ta yi ba ta kama warware tsumman.

"Gwaggo, wa ya ce ki ɗaure shi?"

"Gari duka. Ki tahi ki kama su ɗai-ɗai."

"Hannun ga aiki shika so. In kin aje shi, shi ma aje ki za ya yi."

Ta tsinko lemu guda ta damƙa mata, ta ce ta riƙa matsawa, tana jefa shi daga hannu zuwa hannu. Don ta ba ta dariya sai ta buɗe waya ta nuna mata wata mata tana jefa kulake uku sama, ɗaya na tashi ɗaya na sauka, babu mai taɓa ƙasa. Sabuwa ba ta yi dariya ba. Ta matso da wayar kusa da ido.

"Wanga ai lugude na," ta ce. "Turmi kawai anka ɗauke."

Ta san abin da take faɗi. A zamanin da ake dakan biki da hannu, kafin inji ya zo ya raba mata da turmi, Sabuwa kan cilla taɓarya sama ta yi tafi uku, ta cafe, ta buga ba tare da ta ɓata kiɗan sauran ba. Har daga Giyawa ake aiko mata in za a yi buki.

Da lemu ta fara. Sati uku yana faɗuwa, tana zagin hannun kamar yaro mai taurin kai, tana sunkuyawa ta ɗauka. Ran da ta iya biyu, ta yafa gyale ta nufi rumfar Ƙasimu masassaƙi, ɗan kawunta, abokin wasanta tun suna tsirara.

"Ga mai hannu guda! An zo a sassaƙa miki sabo?"

"Da ka iya, da kanka ka hwara sassaƙawa. Kulake ukku nika so, tsawon kamu guda, na jehwawa sama."

"Wa za ki kashe?"

"Kai, in ka ɓata min aiki."

Ya ko ɓata. Shekara hamsin Ƙasimu yana sassaƙa taɓare, kuma a wurinsa duk itacen da mace za ta jefa sama ta cafe dole ya zama taɓarya: kai nan, kai can, ƙugu a tsakiya, na itacen ƙirya mai nauyi don ya yi ƙarko. Sai ya aiko mata da 'yan taɓare uku, sumul, masu kyau kamar na lefe. Ita ma ba ta ga laifinsu ba, don idonta da hannunta taɓarya suka sani. Ta riƙe ƙugun ta cilla. Abin ya ƙi juyawa, in kuma ya juya sai ya zo mata da kai. Kwana huɗu tana fama. A na biyar guda ta sauko mata a goshi, ta tayar da ƙulu kamar ƙwan zabo.

Maƙwabta dama suna leƙe ta katangar zana. Kafin la'asar labari ya isa Goronyo cewa uwar Iliyasu ta zare, tana jifan kanta da taɓare. Wayar Iliyasu ta shigo tana tsaka da gasa goshin.

"Inna, kin sa ana nuna ni cikin kasuwa. Ba ni jiran albasa. Juma'a ta sama ina tahe."

"Ka tambai yadda hannun ya kwana?"

Ya kashe wayar.

Washegari ta aika aka kira Ruƙayyatu, suka tafi rumfar Ƙasimu tare. Sabuwa ta zube masa taɓaren a gaba, ta sa aka kunna hoton sau biyar, tana nuna masa da yatsa.

"Buɗe idon ga naka na mujiya ka duba. Kai guda gare shi. Wutsiya ta kamawa ta. Nauyi na gaba, shi ka juya shi, ya dawo da wutsiya cikin hannu. Kai ko ka yi min abin daka."

"To ke da kinka karɓa kina yaba min, ina naki idon?"

Wannan maganar ta shige ta, don gaskiya ce. Ƙasimu ya jawo reshen dogonyaro busasshe, ya ɗauki gizago yana gunaguni cewa bai taɓa yin aikin da ba ya daka komai ba.

Sababbin kulaken ba su da kyau, amma suna juyawa. Sai dai an bar ta da wani aikin: hannunta ya saba cilla itace a miƙe, yanzu kuma sai ta koya masa sakin wutsiya da ɗan karkata wuyan hannu, juyi ɗaya tak. Na dama ya gane cikin kwana biyu. Na hagu kan cafe ya saki, ya cafe ya saki. Ta daina rufe ƙofa. Masu leƙe ta ce su shigo su zauna, zana ta huta. A daidai lokacin da rana ke dukan tsakar gida ana jin ƙarar itace a ƙasa da muryarta tana cewa, "Tashi, malalaci, ba a haihe ka don reto ba."

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci Iliyasu ya iso da motar ɗaukar albasa, tare da Alhaji Lukman, ƙanen marigayi mijinta, wanda aka ɗauko don ya yi mata nasiha. Ko gaisuwa ba a gama ba Iliyasu ya shiga ɗaki ya fito da tabarmarta da akwatin tufafi, ya kai mota. Alhaji ya gyara zama ya fara: tsufa hutu ne, mai lalura haƙuri ya kamace shi, kuma mace mai jikoki ba ta wasa da itace.

"Alhaji, wa ya hwaɗi haka?"

"Haka munka taras."

"Mun taras ana shan ruwan gulbi ana kurkunu. Mi ya sa ka gina rijiya?"

Iliyasu ya dawo ya ga kulaken a jingine da turmi. Ransa ya ɓaci. Ya tattara su ya nufi murhu, inda wutar abincin rana ba ta gama mutuwa ba.

"Waɗanga su ka jawo muna magana."

Sabuwa ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Hannun dama na riƙe da bakin zane, don haka na hagu ne ya tafi. Ya damƙi wutsiyar kulki guda. Iliyasu ya ja, kulkin bai zo ba. Ya sake ja da ƙarfin mai ɗaga buhu, sai ga uwar tasa ta biyo kulkin taku biyu, yatsunta na nan a naɗe. Ya tsaya yana kallon yatsun.

"Saki," ta ce. "Ko ka ja mu tare har wuta."

Ya saki duka ukun. Ta ɗebe su, biyu a dama ɗaya a hagu, ta koma tsakiyar fili ta gyara tsayuwa kamar mai jiran a fara lugude. Na farko ya tashi ya juya. Na biyu ya bi shi. Hagu ya cafe, ya cilla, ya sake cafewa. Alhaji Lukman ya ja ƙafafunsa ya ɓoye a ƙarƙashin riga. A jifa na bakwai biyu suka yi karo a sama, ɗaya ya faɗa kan murfin rijiya, ɗaya ya gangara gaban Iliyasu. Na ukun yana hannun hagu, tana haki.

"Bakwai," ta ce. "Jiya biyar na yi. Da na bi ta taku, da yanzu ko cokali sai an ba ni a baki."

Iliyasu ya sunkuya ya ɗauki kulkin, ya juya shi.

"Inna, ni tsoro nika ji kar ki hwaɗi ba kowa kusa."

"To sai ka zo ka duba ni. Hanyar da ta kawo ka ɗaukata ba ta iya kawo ka gaisuwa? Wata biyar kana jin ta bakin gari, ba ka taɓa cewa Inna, matsa hannuna in ji ba."

Ya fita, ya dawo da akwatin a ka da tabarmar a hammata, ya tsaya yana jiran a ce masa wani abu mai daɗi. Ba ta ce ba. Ta nuna masa ɗaki da kan kulkin.

"Aje inda ka ɗauka. Kuma ka matsa daga nan, kana tsaye inda su ka hwaɗuwa."