Jingina Mana, Manaja

Wata huɗu ke nan Auta yana kwance, ko allura aka soka masa a ƙafa ba ya ji. Daga bakin dandamalin lodi na sito ya faɗo, buhu a ka, bayansa ya daki siminti. Da can akwai shingen ƙarfe a wurin. Manaja ne ya sa aka cire, wai yana hana motar ɗaga kaya juyawa. Amma a rahoton da ya aika wa masu kamfani, sai ya rubuta cewa shinge na nan daram, Auta ne ya haura shi da ganganci.

Wannan ƙaryar ce ta tsaya wa yayan Auta, Mai Walda, wanda shi ma a siton yake aiki, a maƙogwaro. Ya tsani mutumin nan har ba ya son jin ƙamshin turarensa.

Ana haka sai labari ya zo cewa masu bincike za su zo ranar Laraba. Manaja ya kira Mai Walda, ko kunya babu.

"Mayar da shingen nan. Amma ɗan ɗiga masa walda kawai, jibi za mu cire."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ya ɗiga ɗin kuwa, ɗigo biyu, ya shafe da fenti rawaya.

Ranar Laraba Manaja ya sha kwat, yana gaba, wata mata daga cikin masu binciken tana biye riƙe da fayil. Ya nuna mata shingen, baki har kunne.

"Shekara uku ke nan ko motsi bai taɓa yi ba. Yaron ne ba ya jin magana."

Mai Walda ya ɗage gilashin fuskarsa.

"To jingina mana, Manaja, Hajiya ta gani."

'Yan dako suka sauke buhunansu. Matar ta rufe fayil.

"Bismillah, jingina," in ji ta.

Manaja ya leƙa simintin da ke ƙasa, ya dubi shingen. Gumi ya keto masa. Ya yi 'yar dariya, ya ce kwat ɗinsa sabuwa ce, fenti bai bushe ba.

"Ya bushe tun jiya," in ji Mai Walda.

Ya sa yatsa ɗaya ya tura. Shingen ya tafi gaba ɗayansa, ƙararsa ta cika sito.

"Hajiya, buɗe fayil ɗin," ya ce. "Ƙanina ba ɗan ganganci ba ne. A rubuta."