Sa Hannun Kawu

Filaya da guntuwar waya kawai matar da ke masa jarrabawa ta turo masa a kan tebur, amma sai da gumi ya keto wa Alƙalami.

A rumfar gyaran jirage aka laƙaba masa sunan, saboda kyan rubutunsa. Jarrabawar takarda ta neman lasisin injiniya duk ya cinye ta, daga ta lantarki har ta dokokin jiragen sama. Saura wannan ta gaba da gaba, da littafin aiki mai nuna gyaran da ya yi da hannunsa, kowane layi da sa hannun injiniya mai lasisi. Nasa duk Kawu ne ya sa, yayan mahaifiyarsa, wanda ya shekara talatin da lasisi ba tabo.

Mai jarrabawar ta gyara tabarau. "Ka rubuta ka canza birki sau goma sha ɗaya. To ga noti biyu a jikin ƙarfen nan, ɗaure min su da waya mu gani."

Idonsa ya san zanen a littafi, hannunsa ne bai sani ba. Ya zura, ya murɗa, ya datse. Ta sa yatsa ta ja wayar, sai notin ya juya baya.

"Aikin wayar nan ta hana noti kwancewa in jirgi na girgiza. Taka kwance shi take yi. Wanda ya yi birki sau ɗaya ba ya yin wannan, ko da gyangyaɗi yake." Ta buga biro a kan sa hannun Kawu. "Ko mutumin nan haka yake sa wa kowa? In haka ne, lasisinsa za mu duba."

Shekara biyu cikin huɗun da ya yi yana koyon aiki, a ofishin takardu ya yi su, ƙarƙashin fanka. Ayyukan wasu ya kwafa, ya cusa a tsakanin nasa, Kawu kuwa a tsaye yake sa masa hannu, ko dubawa ba ya yi.

"Ranki ya daɗe, ba shi da laifi." Ya ajiye filayar. "Ni na cuce shi. Yarda ya yi da ni."

Ta ja jan layi a shafi bayan shafi. "Ka dawo bayan shekara da aikin gaske. Shi kuma takarda za ta je masa ya yi bayani. Abin da ka faɗa zan rubuta, shi ne zai cece shi."

A bakin ƙofa ya ga saƙon matarsa: "Injiniyana, yaya?" Ya kife wayar a aljihu, ya wuce rumfa.

"Ga sabon injiniya!" in ji mai fenti. "A ba shi kujera, kada baƙin mai ya taɓa rigar!"

Kawu na tsugune ƙarƙashin fiffike. Alƙalami ya durƙusa ya faɗa masa komai, idonsa a kan siminti. Tsohon ya daɗe yana goge hannu da tsumma, hannun da tuni ya fita tas.

"Uwarka ta sani?"

"A'a, Kawu."

"Kai za ka gaya mata. Cire rigar nan."

Ya miƙa masa filaya, ya nuna birkin da ke gabansu. Sau huɗu yana ɗaurewa, sau huɗu Kawu na datsewa. A na biyar Kawu ya ja wayar da yatsa, ta tsaya cak.

Alƙalami ya buɗe sabon shafi ya rubuta layi ɗaya. Kawu ya lalubo tabarau, ya ɗora yatsa ƙarƙashin rubutun, ya bi shi kalma bayan kalma a gaban kowa, ya sake bi, sannan ya sa hannu.