Ranar da Roda Ta Wanke Barguna

Duk ɗakin da Vandi ya shiga, kafin ma ya gaisa da kowa sai ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Mutanen unguwar Nassarawo a Mubi sun ɗauka sauro yake kashewa. Ina, ɗakin yake gwadawa. In tafin ya mutu nan take, ɗakin kirki ne. In kuwa ya bugi bango ya dawo yana jan wutsiya, sai ka ga Vandi ya haɗe rai kamar an taka masa ƙafa.

Tun lokacin ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya ƙulla gaba da amsa-kuwwa. A lokacin yana bin motar lasifika ƙauye-ƙauye, duwatsu suna maido da kowace kalma sau biyu, har mutane su rasa me ake faɗa musu. Shekara goma bayan nan, shi ne ke ɗaukar waƙoƙin makaɗan Mubi yana aika wa gidan rediyo. Yana da rikoda mai zaren tef, da makirufo biyu, da wani ɗan akwati mai maɓalli biyu da yake haɗa su a ciki. Makirufo ɗaya a bakin mawaƙi, ɗayan can kusa da taga don ya kwaso ƙarar ɗakin. Na tagar nan kaɗan yake buɗe masa, kamar gishiri a miya, don kada murya ta fito a bushe.

Ɗakin aikinsa na siminti ne da rufin kwano, irin wanda ko tari ka yi sai ya amsa maka. Don haka ya bi bangon da zana, ya rataya barguna bakwai a kai, ya toshe tagar da na takwas.

Abu ɗaya ne bargo bai iya masa ba, shi ne matarsa Roda. Roda ba ta iya aiki bakinta a rufe. In tana niƙa waƙa take, in tana wanki waƙa take, duk cikin harshen Kamwe, waƙoƙin da ta taso da su a duwatsun Michika. Shi kuwa sai ya leƙo ta ƙofa.

"Roda, yi shiru, ana ɗauka."

"To, Baban Margret."

Kaumi mai kukuma, wani ɗan Borno da ya fi kowa zuwa ɗakin, ya sha gaya masa: "Matarka yana da murya fa, Vandi. Sa shi a injin mana." Vandi yakan ce zai yi, bari dai a samu tef na banza. Ba a taɓa samu ba. Tef wuyar samu gare shi, duk wanda ya ɓaci sai ya sake ɗaukar wata waƙa a kansa.

A daminar 1972 zazzaɓi ya kama Roda, kwana huɗu ta rasu. Da aka gama zaman makoki, 'yarsu Margret ta koma gidan mijinta a Sorau. Gidan ya yi shiru, irin shirun da Vandi ya shekara goma yana nema, ga shi ya samu ya rasa inda zai sa kansa. Wata rana yana zaune a tsakar gida ya yi ƙoƙarin tuno yadda take fara waƙar niƙa, sai ya ji ta kufce masa. Muryarta ta fara fita daga kansa, kuma ba shi da ita a ko'ina.

Ya sauko da tef arba'in da ɗaya da ke ajiye. Kullum daga hantsi zuwa la'asar yana sa su ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne ko ta ɓullo a bayan wata waƙa. Ya ji algaita, ya ji ganga, ya ji matan zumunta na majami'a. Roda babu. Aikinsa ya yi kyau ƙwarai, ko tarinta bai bari ya shiga ba.

A kwana na tara Kaumi ya zo duba shi, ya tarar da shi cikin tef har gwiwa. Da ya ji abin da ake nema, sai ya ce, "Ranar da matarka ya wanke bargo fa? Ranar da ka yi faɗa?"

Vandi ya tuna. Bara ne, Roda ta ce bargunan sun yi wari, ta kwashe su duka takwas ba ta tambaye shi ba. Kaumi ya riga ya zo, dole aka ɗauka a haka. Kukumar ta riƙa yawo a ɗakin tana cin karo da kanta, tef ya ɓaci. Kuma tabbas ya sake ɗaukar wani abu a kansa, domin haka ya saba yi.

Ya same shi a ƙasan akwati, an rubuta masa sunan wasu masu ganga. Ya sa, ya zauna. Gangar ta yi ta tafiya, zaren yana raguwa. Saura kaɗan ya ƙare, masu gangar suka tsaya. Rikodar ta ɗan yi ƙara, sai ga tsohuwar ɗaukar ta fito daga ƙarƙashi: kukumar Kaumi, a dagule. A bayanta kuwa, ta tagar da ba bargo, ga Roda tana wanki tana waƙa. Ɗakin ya karɓi muryarta ya faɗaɗa ta, ta cika ko'ina. Kaumi ya sunkuyar da kai.

Ba ta kai rabin minti ba aka ji muryar Vandi a kusa, da ƙarfi:

"Roda! Yi shiru!"

Bango ya karɓa ya maimaita, kwano ya karɓa ya ja. A cikin wutsiyar tsawar nan aka ji ta, tana ɗan dariya: "To, Baban Margret." Zaren ya ƙare, bakin zaren yana ta kaɗawa.

Vandi ya ɗauko reza. Yanke tef aikinsa ne, ya yi sau ɗari. Ya juya zaren da hannu a hankali, gaba da baya, yana neman wurin da tsawarsa ta ƙare kafin ita ta amsa. Ya nema, ya sake nema. Babu wurin. Amsa-kuwwar tsawar ba ta mutu ba Roda ta buɗe baki, suna manne da juna. In ya yanke kansa, ya yanke ta.

Ya ajiye rezar.

Kaumi ya ce, "A kashe injin?"

Vandi ya girgiza kai. Ya tashi ya cire bargunan ɗaya bayan ɗaya ya tara a ƙofa, ya buɗe tagar. Sannan ya mayar da zaren baya, ya zauna ya ji waƙar, ya jira tsawarsa ta zo, don a cikin wutsiyarta ne kaɗai Roda za ta kira shi.