Ƙarfen Ƙafar Sulaiman

Yakuba mai walda ya ɗaga sandar alminiyam ɗin zuwa haske, ya bi ta da farce. Ga tsagar nan siririya kamar gashi, dab da inda ya liƙe sati biyu da suka wuce. Karo na uku ke nan.

Yayansa Sulaiman na zaune kan benci, shanyayyar ƙafarsa a miƙe. Sandar ta jikin ƙarfen nan ce da aka ɗaura masa a likita, wanda ke riƙe ƙafar. Jiya ya ɓalle masa a tsakiyar gona a Durum, sai a amalanke aka kai shi gida.

"Sake liƙa mini kawai," in ji Sulaiman. "Ruwa ya sauka, kowa na shuka."

"Yaya, ba zan sake tura ka ka je ka faɗi ba."

Yakuba ya hau moto, sai gidan wani tsohon malami, Mushe Markus, wanda ya shekara talatin yana koyar da aikin ƙarfe a nan Damagaram. Tsohon ya jujjuya sandar.

"Waldarka lafiya lau, wutar ce ta cuce shi," ya ce. "Irin wannan alminiyam gasa shi ake yi a masana'anta, a tsoma a ruwa, a sake ɗumama shi awoyi, sannan ya yi ƙwari. Da ka sa wuta, gefen waldar ya saki. Kowane taku wurin na ɗan lanƙwasawa, har ya tsage."

"To in sake gasa shi da kaina?"

"Da me za ka auna zafin? Ya ɗara kaɗan, ka lalata shi duka."

Yakuba ya shiga 'yan gwangwan, rumfa rumfa, rana na dukansa. Sai la'asar ya tono wani tsohon ƙarfen ƙafa mai gefe ɗaya lafiyayye. Ya dawo ya yanke lafiyayyen gefen da zarton hannu, a hankali, yana yayyafa ruwa kada ya ɗau zafi. Ya goge bakin sumul, ya huda, ya dashe shi da ƙusoshi a gurbin tsagaggiyar sandar.

Sulaiman ya ɗaura, ya miƙe. Ya taka zuwa bakin titi ya dawo, ya buga ƙafar a ƙasa sau biyu, sannan ya sunkuya yana leƙe.

"Ina waldar?"

"Babu, Yaya."

"To aikin me ka wuni kana yi?"

Yakuba ya yi dariya, ya jawo moto zai kai shi tasha. Sulaiman ya ɗaga masa hannu.

"Bar ta. Da ƙafa zan je."